CIWON DAJI NA MAMA: WACE MACE YA KAMATA A DUBA DA WURI?

Zuwa Ga Mai Karatu

Wannan ɗan littafi an yi shi ne domin matan Palladan da Samaru da Sabon Gari da ƙauyukan da ke kewaye da su, da kuma mazajensu. In kin iya karatu, ki karanta shi a tsanake, sa'an nan ki karanta wa wadda ba ta iya ba. In kuwa kai ne maigida, ka tara iyalinka da dare bayan an ci tuwo, ka karanta musu. Maganar da ke ciki ta mama ce, watau nono, abin da a ke jin nauyin ambatonsa a gaban mutane. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunya ta sa mata da yawa sun ɓoye ciwo har ya fi ƙarfin magani.

Mene Ne Wannan Ciwo?

Waɗansu suna ce da shi daji, waɗansu sankara, waɗansu kuma kansa. Duk abu ɗaya ne. Jikin mutum an gina shi da waɗansu 'yan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Kullum waɗansu suna mutuwa, waɗansu suna maye gurbinsu, bisa ƙa'ida. Wani lokaci sai ƙwaya ɗaya a cikin mama ta lalace, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, har ta zama ƙullutu. In an bar ƙullutun nan, sai ya bi ta hanyoyin jiki ya kai hammata, daga nan ya kai ƙashi, ko huhu, ko hanta. Sa'an nan ne ya ke kisa.

Likitoci sun kasa ciwon mataki huɗu. A mataki na 1 da na 2 yana nan ƙarami, bai wuce mama da hammata ba, ana kuwa warkar da mafi yawan masu shi. A mataki na 3 ya girma, ya kama fata ko ƙirji, magani ya yi wuya da tsada. A mataki na 4 ya yaɗu cikin jiki, sai dai a rage wa mai shi wahala, a ƙara mata kwana da yardar Allah.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an sami mata miliyan 2.3 da wannan ciwo a duniya, 670,000 kuma suka mutu. A Nijeriya, ƙiyasin shekarar nan ya nuna fiye da mata 32,000 sun kamu, fiye da 16,000 sun mutu. Watau ke nan kowace rana mata fiye da 40. A ƙasashe masu arziki kuwa, cikin mata 10 da suka kamu, 9 suna nan da ransu bayan shekara 5. Babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin zuwa asibiti. Su suna zuwa ciwon yana ƙarami, mu kuwa mafi yawan matanmu sai ya kai mataki na 3 ko na 4.

Kintace Ba Duba Ba Ne

Ba wanda ya san gobe sai Allah. Likita ba boka ba ne, ba kuwa zai iya duban mace ya ce lalle za ta kamu, ko lalle ba za ta kamu ba. Amma akwai abin da zai iya.

Ku dubi malaman gona na Samaru. In manomi ya gaya musu irin ƙasar gonarsa, da abin da ya shuka bara da bara waccan, da ko ya sa taki, za su iya ce masa, gonar nan taka wuta-wuta ta fi saurin kama ta bisa ga ta maƙwabcinka, sai ka riƙa zagaya ta da wuri. Ba su ce lalle za ta fito ba. Sun dai ga gonaki da yawa irin tasa, sun san abin da ya kan faru.

Haka likita ya ke yi. An bi labarin dubban mata shekara da shekaru, an ga irin waɗanda ciwon ya fi kamawa. To, in likita ya yi miki waɗansu tambayoyi, sai ya gwada amsarki da abin da aka gani ga matan nan, ya kintata ko hatsarinki daidai ya ke da na sauran mata tsaranki, ko ya fi nasu. Amfanin wannan kuwa shi ne a san wadda za a fara dubawa tun tana da ƙuruciya, da wadda za a riƙa dubawa a kai a kai. Na'urori da ma'aikata ba su isa a duba kowa kowace shekara ba, saboda haka ya kyautu a san inda za a fi sa ido.

Tambayoyin Da Za A Yi Miki

1. Shekarunki nawa? Wannan ita ce babbar tambaya. Ciwon bai cika kama 'yan mata ba. Daga shekara 40 hatsarin ya ke hawa, yana kuwa ƙaruwa da tsufa. Amma ki lura, a asibitocin ƙasarmu da yawa daga cikin masu ciwon ba su kai 50 ba, akwai ma 'yan 30 da wani abu. Kada mace ta ce ita yarinya ce, ba ruwanta. In ba ki san shekarunki ba, ki tuna da wani abu da ya faru kusa da haihuwarki ko aurenki, ma'aikacin lafiya zai taya ki lissafi.

2. Akwai wadda ta taɓa yin ciwon a danginki? In uwarki, ko 'yar'uwarki, ko 'yarki ta yi shi, hatsarinki ya kusa ninka na sauran mata sau biyu. In biyu ne daga cikinsu, ya kusa sau uku. Abin ya fi ƙarfi in ciwon ya kama su kafin shekara 50, ko ya kama mama duka biyu, ko an sami mai ciwon daji na ƙwan mace a dangin, ko kuwa namiji ya yi ciwon mama, gama maza ma su kan yi shi, ko da ya ke bai fi ɗaya cikin ɗari na masu ciwon ba.

A nan sai ki yi hankali da lissafin dangi. Dangin uba daidai su ke da dangin uwa. Gwaggonki, watau 'yar'uwar ubanki, da kakarki ta wajen uba, suna cikin lissafi, kamar yadda innarki da kakarki ta wajen uwa su ke ciki. 'Yan uba ma jininki ne, ki ambace su. Amma kishiyarki, da kishiyar uwarki, da matar wanki, da surukarki, da wadda kuka sha nono ɗaya ba jini ɗaya ba, duk ba su cikin lissafi, ko da kuwa tukunya ɗaya ku ke ci.

Dalilin wannan shi ne akwai waɗansu ƙwayoyin gado guda biyu, masana suna kiransu BRCA1 da BRCA2, an gano su a 1994 da 1995. Aikinsu gyaran ƙwayoyin jiki in sun lalace. In mutum ya gaji mai aibi, ko daga uwa ko daga uba, gyaran ba ya yiwuwa sosai. Binciken da aka yi a ƙasashen Turawa ya nuna cikin mata 10 masu wannan gado, wajen 7 za su kamu kafin su kai shekara 80. Kowane ɗa ko 'ya na mai gadon, rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. A 2018 an bayyana sakamakon awon jinin mata 1,136 masu ciwon a Badun, aka tarar wajen 11 cikin 100 suna ɗauke da ɗaya daga cikin biyun nan.

3. Yaushe kika fara haila, yaushe kuma kika daina? Akwai wani sinadari da jikin mace ke yi kowane wata, wanda ke motsa ƙwayoyin mama. Wadda ta fara haila da wuri, kamar kafin shekara 12, ko ta daɗe ba ta daina ba har bayan 55, mamanta ya fi daɗewa yana shan wannan motsi, hatsarinta ya ɗan fi.

4. Haihuwa nawa kika yi, kina da shekara nawa kika yi ta fari? Wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ko ta yi haihuwar fari bayan shekara 30, hatsarinta ya ɗan ɗara na wadda ta haihu kafin haka. Wannan ba laifin kowa ba ne, ba kuwa dalili ba ne na aurar da yarinya ba ta isa ba, gama haihuwar ƙuruciya tana da nata hatsarin mai girma. Kada kuma mai 'ya'ya takwas ta ce ta tsira. Asibitocinmu cike su ke da masu ciwon waɗanda suka haifi 'ya'ya da yawa.

5. Wata nawa ki kan shayar kafin yaye? A nan al'adarmu tana da kyau, a riƙe ta. A 2002 masana sun tara sakamakon bincike 47 daga ƙasashe 30, suka tarar kowane wata 12 da mace ta yi tana shayarwa yana rage hatsarin da wajen 4 cikin 100. Mai 'ya'ya biyar da ta shayar da kowanne shekara biyu, ta tara ragi mai yawa.

6. An taɓa cire miki wani ƙullutu a mama? In an taɓa, ki zo da takardar sakamakon awon. Waɗansu irin ƙullutu ba daji ba ne, amma suna nuna a ƙara sa ido. Wadda ta taɓa yin ciwon a mama ɗaya, lalle a riƙa duba ɗayan.

7. Yaya zamanki ya ke? Ƙiba bayan daina haila tana ƙara hatsari, haka zama wuri ɗaya ba motsa jiki, haka shan giya ko burkutu, haka taba. Waɗannan su ne abin da mace ke da iko a kansu. Ƙwayoyi da allurar tazarar haihuwa suna ƙara hatsarin ɗan kaɗan, ƙarin kuwa yana gushewa a hankali bayan an daina. Amfaninsu ga uwa da ɗa yana da yawa, saboda haka kada ki bari sai kin yi shawara da ma'aikaciyar lafiya.

Lissafin Amurka Da Lissafin Badun

A 1989 wani masani a Amurka, Mitchell Gail, da abokan aikinsa suka haɗa irin tambayoyin nan suka mai da su lissafi. A kan sa amsoshin mace, sai lissafin ya ba da adadi, ya ce cikin mata 100 masu irin amsarta, kaza za su kamu cikin shekara 5. Amma da matan Turawa aka gina shi, waɗanda haihuwarsu da shayarwarsu da shekarunsu ba irin namu ba ne. Awon rigar wani ba ya yi wa wani daidai.

Saboda haka tun 1998 likitocin asibitin koyarwa na Badun, tare da Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya mai aiki a Amurka, suka shiga tattara labarin matan ƙasar nan, masu ciwon da marasa shi. A 2018 suka fito da lissafi na matan Nijeriya, daga amsoshin mata wajen 4,000. Ya ƙunshi shekaru, da lokacin fara haila, da yawan haihuwa, da tsawon shayarwa, da dangi, da tsawon mace da nauyinta, da ciwon mama na da, da shan giya.

Da aka gwada shi, ga abin da aka gani. In an kawo mata biyu, ɗaya mai ciwon, ɗaya marar shi, lissafin Badun ya kan nuna mai ciwon daidai wajen sau 7 cikin 10. Na Amurka kuwa bai kai sau 6 ba, watau bai fi canki-canka da yawa ba. To, kun ga namu ya fi, amma shi ma yana kuskure sau 3 cikin 10. Kuma a Kudu aka yi shi. Saboda haka lissafi mataimakin likita ne kurum, bai isa ya tsaya shi kaɗai ba.

Ga kuma magana mafi muhimmanci a littafin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen rabin matan da ke kamuwa ba su da wani dalili da a ke gani, sai dai kasancewarsu mata da kuma shekaru. Mafi yawan masu ciwon ba su da kowa a dangi da ya taɓa yinsa. In an ce hatsarinki kaɗan ne, ba a ce babu ba.

Misalin Mata Uku

A ce ga gida ɗaya a Palladan mai mata uku.

Uwargida tana da shekara 52, 'ya'yanta bakwai, duk ta shayar da su har yaye, ba kuwa wanda ya taɓa ciwon a danginta. Haihuwa da shayarwa sun rage mata, amma shekaru sun ƙara. Ita tana cikin sahun gama-gari. Abin da ya kamace ta shi ne ta san mamanta, ta je ma'aikaciyar lafiya ta duba ta sau ɗaya a shekara, in da hali kuma a yi mata hoton mama bayan kowace shekara biyu.

Amarya tana da shekara 29, 'ya'yanta biyu. Uwarta ta rasu da ciwon tana da shekara 41, innarta ma ta yi shi. Ko da ya ke ita ce ƙarama, ita ce likita zai fi sa wa ido. Likitoci da yawa su kan fara duba irinta shekara 10 kafin shekarun da ciwon ya kama 'yar'uwarta. Watau ita daga shekara 31 ke nan, ba sai ta jira 40 ba. Ya kamata ta ga likita tun yanzu, ta kuma gaya wa 'yan'uwanta mata su ma su je.

Ta uku ƙanwar maigida ce, shekararta 38, tana goyo, ba kowa a danginta mai ciwon. Bisa lissafi hatsarinta kaɗan ne. Amma wata biyu ke nan tana jin wani ƙullutu mai tauri, ba ya zafi, ana ce mata ruwan nono ne ya daskare. To, ita ba maganar lissafi a ke yi ba. Wadda ta riga ta ji ƙullutu ta wuce kintace. Ita ce za a fara kai wa asibiti, a makon nan.

Abin Da Ba Ya Kawo Ciwon

Ba a ɗaukarsa. Kwana ɗaki ɗaya da mai shi, ko cin abinci tare, ko wanke mata gyambo, ba ya sa wa kowa. Ba sammu ba ne, ba jifa ba, ba aikin kishiya ko mayu ba. Yana kama matan ƙasashen da ba a kishiya, yana kama matan sarakuna da na talakawa. Ajiye kuɗi ko waya cikin rigar mama ba ya kawo shi. Cizon yaro ko bugu ba ya kawo shi, sai dai bugun ya sa mace ta taɓa wurin ta ji abin da ke nan tun da.

Akwai kuma maganar da a ke yi, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta hallaka mata da yawa. Asalinta shi ne, a kan kai mace asibiti bayan ciwon ya riga ya gama jiki, in ta rasu sai a ce allura ce ta kashe ta. Jinkiri ne ya kashe ta. Tsaga, da ƙaho, da sakiya, da shafa magani mai cin fata ba su kai ga saiwar ciwon, sai su buɗe gyambo su cinye kuɗi da watanni. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti. A haɗa su duka biyu.

Yadda Za Ki San Mamanki

Sau ɗaya a wata, kwana kaɗan bayan ɗaukewar haila, ki duba kanki. In kin daina haila, ki zaɓi rana ɗaya, kamar ranar ganin sabon wata.

Ki tsaya gaban madubi inda akwai haske. Ki duba hannuwa a sake, sa'an nan ki ɗaga su sama, sa'an nan ki riƙe ƙugu. Bayan haka ki kwanta rigingine, ki sa hannun dama ƙarƙashin kai, ki shafa maman dama da cikin yatsu uku na hannun hagu, kina dannawa a hankali kina zagayawa, tun daga ƙashin wuya har ƙasan mama, har cikin hammata. Sa'an nan ki juya ki yi wa na hagu. Wajen wanka ma yana da sauƙi, gama sabulu yana sa yatsu su zame.

Ga abin da za ki nema:

(a) Ƙullutu ko tauri a mama, ko kaluluwa a hammata, ko da ba ya zafi.
(b) Mama ɗaya ya sake girma ko kama.
(c) Fata ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemo, ko ta yi ja ko duhu.
(d) Kan nono ya shige ciki, alhali da ba haka ya ke ba.
(e) Jini ko wani ruwa yana fita daga kan nono ɗaya ba a matsa ba.
(f) Ƙurji ko gyambo da ya ƙi warkewa.

Ki riƙe wannan da kyau: ciwon dajin mama a farkonsa galibi ba ya zafi. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mata. Mai goyo kuma ta sani, kumburin nono na shayarwa ya kan zo da zafi da zazzaɓi, ya kan kuwa faɗa cikin mako ɗaya ko biyu in an sha magani. In bai faɗa ba, a koma asibiti. Mai ciki ma tana iya kamuwa.

Mafi yawan ƙullutu ba daji ba ne, musamman ga 'yan mata. Amma hannu ba ya iya rarrabewa, sai awo. Duba kai shi kaɗai ba ya ceton kowa. Abin da ke ceto shi ne tafiya asibiti da zarar an ji wani abu.

Abin Da A Ke Yi A Asibiti

Ki fara da asibitin shan magani mafi kusa da ke, ko wurin awon ciki. Kina da iko ki ce mace ki ke so ta duba ki. Kada ki raina dubawar hannu. A birnin Mumbai na ƙasar Indiya an koya wa mata ma'aikatan lafiya wannan aiki, aka bi mata fiye da 150,000 har shekara 20, rabi ana duba su bayan kowace shekara biyu, rabi ba a dubawa. Sakamakon ya fito a 2021. Waɗanda a ke dubawa an fi gano ciwonsu da wuri, cikin 'yan shekara 50 zuwa sama kuma mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100.

In an ji wani abu, za a ba ki takarda zuwa babban asibiti. Mutanen Palladan sun yi sa'a. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma Shika a 2005, yana kan hanyarku, da an wuce Samaru kaɗan, yana kuwa da sashen masu ciwon daji. Daga jihohi masu nisa a ke zuwa neman abin da ke ƙofar gidanku.

Awo iri uku ne. Na fari, likita ya duba da hannu. Na biyu, hoto. Ga mai shekara 40 zuwa sama a kan yi hoton mama da a ke kira mamogiram, wanda ke iya nuna ciwon tun bai kai a ji shi da hannu ba. A kan matse maman tsakanin faranti biyu na ɗan lokaci kaɗan, da ɗan rashin daɗi amma ba lahani. Ga mai ƙuruciya kuwa, da mai ciki, a kan yi sikanin irin na awon ciki. Na uku, a kashe zafin wurin a sa allura a ɗebo ɗan tsoka kaɗan a auna. Wannan shi ne ke tabbatarwa. Kada a yarda a cire mama, ko a fara magani, ba a yi shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata a gama awon duka cikin kwana 60.

In ya tabbata, magani ya kan haɗa aiki, watau a cire ƙullutun ko maman duka, da maganin ƙarin ruwa, da gashi da na'ura, da kuma ƙwayoyin da waɗansu za su sha shekara 5 ko fiye. Maganin ƙarin ruwa ya kan zubar da gashin kai, amma yana sake tsirowa. Lalle a kai magani ƙarshe. Wanda ya yi shuka ya bar noma, bai tsira da kome ba. Ana warkewa. Betty Anyanwu-Akeredolu, matar tsohon Gwamnan Jihar Ondo, an same ta da ciwon a 1997, aka yi mata magani, ta warke, har ta kafa ƙungiyar wayar da kan mata a kansa.

Magani yana da tsada, ba a ɓoye wannan. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun taimakon marasa ƙarfi masu ciwon daji, asibitin Shika yana cikin shida da aka fara da su. Ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin yadda a ke nema. Ku kuma tuna, maganin ƙaramin ciwo ya fi na babba araha nesa ba kusa ba.

Magana Ga Maigida

Malam, sau da yawa izini da kuɗin mota a hannunka su ke. In matarka ta ce ta ji wani abu a mamanta, kada ka ce a bari sai an yi girbi, ko sai bayan salla. Wata uku suna iya mai da ciwon da ke warkewa ya zama wanda ba ya warkewa. Ka raka ta, ka ji bayanin likita da kunnenka. Mata da yawa suna ɓoye ciwon ne don tsoron kada a cire mama miji ya guje su. Ka gaya mata tun da wuri cewa ranta ya fi maka kome. Ka kuma bincika danginka, gama abin da ya sami 'yar'uwarka ko gwaggonka yana iya bi ta kanka ya kai ga 'ya'yanka mata.

Abubuwan Tunawa

1. Kowace mace tana iya kamuwa, hatsarin kuwa yana ƙaruwa daga shekara 40.
2. Ki san labarin danginki, na uwa da na uba, ki gaya wa likita.
3. Mai ciwon a dangi na kusa ta ga likita tun kafin ta ji kome.
4. Ki shayar har yaye, ki motsa jiki, ki guji ƙiba da giya da taba.
5. Ki duba kanki kowane wata, ma'aikaciyar lafiya ta duba ki kowace shekara in kin kai 40.
6. Ƙullutu marar zafi, a kai shi asibiti a makon da aka ji shi.

Tambayoyi Domin Masu Sauraro

1. Cikin matan nan uku na misali, wace ce za a fara kai wa asibiti, don me?
2. Ciwon gwaggo yana cikin lissafin dangi? Na kishiya fa?
3. In likita ya ce hatsarin mace kaɗan ne, ta daina duba kanta ke nan?
4. Faɗi alamu huɗu da za su sa mace ta tafi asibiti.

In kun gama da littafin nan kada ku ajiye shi cikin akwati. Ku miƙa wa maƙwabta. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.